Mataimakin Muttaka da Yaren Famfo

"…Lahiya lau, gajiya ta bi lahiya. Amma in ka yi mani sallama da ladabi haka, to wani abu ya ƙone," in ji Zulaihatu.

Muttaka ya jingine moto, wato babur ɗinsa, a ƙofar gidan kawunsa a Tasawa. 'Yar kawun nasa ce, abokiyar wasansa, gwanar rubuta manhaja, kuma ba abin da ya tsana kamar neman abu a hannunta. To amma na'urar da ke kunna famfon ƙauyensu ta rikice, shi kuwa ya cika baki gaban dattawa cewa zai gyara yau, da taimakon basirar nan ta kwamfuta mai taya shi rubutu. Shanun gidansu na can sun kewaye kwami babu ruwa.

"Zumunci ya kawo ni, ke."

"Zumunci da ordinatar a hammata? Ina aljanin naka da ka ce ya hi ni?"

"Shina nan. Python, Java, duk yaren kwamfutar da ka yi mashi sai ya amsa kamar ɗan gari."

"To mi ya hwaru?"

"Na'urar famfon, da wani tsohon yare aka rubuta mata umurni. Shi ko bai ƙware da shi ba."

"Ya ce maka bai iya ba?"

"Da ya ce, ai da sauƙi! Zuba ya yi ta yi, rabi daidai, rabi shi ya ƙaga abinshi. Na saka, famfo ya yi tari, ya yi shiru."

"Bai iya ba, kuma bai iya shiru ba? Wallahi jininku guda!"

"Ji mai magana! Ke da kika maƙale ma wannan tsohon yaren na kakanni kamar mai gadin kushewa?"

"Mai gadin kushewar ka biyo tun daga ƙauyenku, Sarkin Hausa."

Ta fizge kwamfutar tana tsaki. Ta zuba wa mataimakin misalai daga tsofaffin ayyukanta, ta sa shi ya sake, ta bi layi-layi tana tsince shirme. Da abin ya tafi daidai, Muttaka ya ji sanyi har cikin ransa. Ya miƙa hannu, ta janye.

"Hwaɗi tukuna. Wa ya hi, ni ko aljaninka?"

"Haba, shanu na jin ƙishirwa!"

"Kunnena ma haka."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba kowa. Ya rage murya.

"Ke kin hi shi. Kin hi ni ma."

Sai ga wayarta ta fito daga ƙarƙashin mayafi. Ashe ɗaukar muryarsa take yi.

"Ya tahi gurup na dangi. Inna ma ta saurara."

Muttaka ya yi dariya har da dafa bango, ya ciro cukun da ya ɓoye a jaka ya dangwara mata a cinya.

"Ci, azzaluma. Ki hau mu tahi, in famfon ya sake tari ke za ki yi ma dattawa bayani."