Mai Son Magana Ya Sauka Rijiya

Jama'a, ku taya ni murna ko ku yi mini jaje, wanda ya fi muku sauƙi. Ran Litinin na fita da jakina da bido huɗu, wato jarkoki, neman ruwa, na dawo gida la'asar babu ko ɗigo, amma da muƙami. An naɗa ni mai rahoton komisiyon rijiya, wato kwamitinta. Da na shaida wa matata Kulu, ta leƙa cikin bidon ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To Malam, zuba wa akuyar muƙamin ta sha."

Akuyar nan ita ce abin da farin bana ya bar mana. Ja ce, da 'ya'yanta biyu, nononta ne ke sa furarmu ta amsa sunan fura. Kulu ta riga ta yanke hukunci: in rijiya ba ta kawo ruwa kafin Lahadi ba, in ja akuyar zuwa kasuwar Mirriya, gara ta tafi da ranta da ta mutu a turke. Ni kuwa na san yadda ake sayen dabba bana, mahauci ya dube ka kamar shi ke yi maka alfarma. Wallahi ba na son rabuwa da ita.

Rijiyar garinmu ba ƙafewa ta yi ba, cikewa ta yi da laka. Maganinta yasa, kuma tun kakanni mun san yadda ake yi. Mai gari ya sa a yi shela, a taru da safe, Tanimu mai haƙar rijiya ya ɗaura wa mutum igiya a ƙugu, a zura shi, ya yi ta cika guga da laka ana ja. In ya gaji wani ya karɓe shi. Kafin rana ta faɗi an gama. Sai dai mai garinmu yana Zinder kwana goma sha ɗaya ke nan, yana gadin ƙofar wani biro, wato ofis, inda aka ce za a rubuta sunan garinmu cikin masu samun taimakon hatsi. Da zai tafi ya bar wa Kyari riƙon gari, don shi ne ya iya Faransanci.

Kyari maƙwabcina ne, mutumin kirki, sai dai ya yi shekara tara a babban birni yana planto a gidan da ake yin dokoki. Shi ke kai wa manya takarda da ruwan sanyi. Tun da ya dawo ba ya iya tambayarka gishiri sai ya fara da "bisa la'akari da". Da muka je masa da maganar yasa, ya dube mu da tausayi.

Ya ce, "Abin da ya hana ku ci gaba ke nan. Ku kama aiki haka kawai, babu muhawara, babu ƙuri'a? Ai can ba haka ake yi ba."

Na ce, "To Kyari, can ɗin yaya ake yi?"

Ya ce, "Daga yau ka ce mini Parsida, wato shugaba. Ku kawo tabarmi."

Aka shimfiɗa tabarmi gindin gawon da ke bakin rijiya. Parsida ya hau turmi da aka kifa, ya riƙe murfin tukunya da cokali a madadin ƙararrawa. Ya raba mu biyu: na dama masu rinjaye, na hagu 'yan adawa. Ni na faɗo a adawa, ba don wata aƙida ba, nan na ɗaure jakina. Ya ce aikin masu rinjaye su ce i, namu mu ce a'a, kuma kowa sunansa Onorabul. Ban ɓoye muku ba, da aka ce "Onorabul Ɗan Azumi" sai na ji wuyana ya ƙara tsawo.

Da hantsi inuwa tana dama. Da rana ta karkata inuwar ta dawo hagu, sai ga rabin masu rinjaye sun naɗe tabarminsu sun dawo wajenmu. Na ce, "Parsida, an yi sauya sheƙa!" Ya ce kada in damu, can ma inuwa ake bi.

Ranar farko ta ƙare a kan sunan dokar. Wasu suka ce "dokar yasar rijiya", Malam Tahiru ya kawo gyara ya ce a sa "tsohuwar rijiya", Garba ya ce in aka ce tsohuwa ai an yarda akwai sabuwa, alhali sabuwar tana nan cikin aljihun Mai Girma Alhaji Sai-Na-Dawo. Kun san shi, ko kun san irinsa. Shi ne ya zo lokacin zaɓe da mota uku, ya tsaya a nan gindin gawon, ya rantse zai haƙa mana fanfo mai baki huɗu. Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne mai cika alkawari, ya ce sai ya dawo kuma har yau bai ƙaryata kansa ba, tun da bai dawo ɗin ba. Da gardama ta yi zafi, Parsida ya buga murfi ya ce an tura magana komisiyo. Ni da Garba da Tanimu ne komisiyon. Muka je muka leƙa rijiyar da muke leƙawa tun muna yara, muka dawo na ba da rahoto cewa akwai laka a ciki. Aka yi mini tafi.

Ran Talata aka zo jefa ƙuri'a, nan fa aka gamu da abin da ake kira korum. Parsida ya bayyana mana cewa majalisa ba ta yanke komai sai rabin 'ya'yanta da mutum ɗaya sun hallara. Magidantan garinmu sittin ne, ana bukatar talatin da ɗaya. Ya ƙirga mu, mu goma sha huɗu. Ya sake ƙirgawa daga hagu, goma sha huɗu dai.

Tanimu ya ce, "Parsida, ai sauran suna cin rani. Wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya. Ba mai dawowa sai ruwan sama ya sauka."

Ya ce, "To sai a ɗage zama."

Na ce, "Zuwa yaushe?"

Ya ce, "Zuwa damina."

Ku ji fa. Za a jira damina kafin a yanke shawarar neman ruwa. Na tashi da zafi na ce wannan hauka ne, Parsida ya ce ban nemi izinin magana ba, a shafe abin da na faɗa, ko da yake ba mai rubutawa. Ran Laraba muka sake zama don tabbatar da cewa har yanzu mu goma sha huɗu ne. Ranar Kulu ta tafi wata rijiya mai nisan tafiyar rabin yini ta dawo da tulu ɗaya, ta raba shi tsakanin tukunya da yara da akuya. Akuyar ta lashe kwanon har yana ƙara, ta ɗago kai ta dube ni. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji gaban ɗan Adam ba.

Duk kwanakin nan matan gari suna tsaye can gefe da tulunansu, suna kallonmu. Ran Alhamis sai Inna Hajjo, tsohuwar da ta yi wa rabin garin nan wankan jego, ta matso da sandarta.

Ta ce, "Kai Kyari, can wurin naku, in mutum ya yi tafiya ba ya barin wakili?"

Kyari ya ji an taɓo iliminsa, baki har kunne. Ya ce, "Yana bari, Inna. Sai ya ba wani wakilci ya ɗaga masa hannu. Ni da idona na ga mutum ɗaya ya ɗaga hannu biyu, na biyun na wanda ke barci a gida."

Ta ce, "Madalla. Liman, ranar da mazan nan za su tafi, me kowanensu ya ce wa matarsa a gabanka?"

Liman ya ce, "Cewa suka yi, na bar miki gida da abin da ke cikinsa, ki tsaya a madadina."

Ta juya ta yafuto mata. Kafin Parsida ya sami bakin magana, mata arba'in da wani abu sun cika tabarmi, har da masu goyo. Ya ce wai wakilci sai da takarda da hatimi. Inna Hajjo ta ce ya nuna mata takardar da ta naɗa shi Parsida. Ya ce wai mata ba sa cikin tsarin. Ta ce ya kawo littafin ta gani. Littafin kuwa a kansa yake, ba shi da wani. Korum ya cika har ya zuba.

Dokar da Inna ta kawo ba ta da suna, kuma layi ɗaya ce. Ta ce, "Tun da ku maza magana kuke so, ba mu hana ku ba. Amma daga yanzu a ƙasan rijiya ake yin ta. Mai son magana ya sauka. Guga ɗaya na laka, magana ɗaya." Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, sai gindin gawo ya zama kamar gonar gero. Mu goma sha huɗu muka haɗe, masu rinjaye da 'yan adawa, karo na farko a tarihin majalisar, muka sha kaye tare.

Parsida ya ce yana da rigar kariya, ba a taɓa shugaba. Inna ta ce wannan ma magana ce, ya sauka ya faɗe ta. Kuma jama'a, ya sauka! Mutumin nan ya fi son jawabi da ransa. Tanimu ya ɗaura masa igiya, aka zura shi gaba goma sha biyu, muna jin muryarsa tana fitowa kamar daga cikin randa: "Bisa la'akari da..." sai mata su amsa, "Guga!" Ya cika a ja, ya ci gaba. Jawabin buɗe taro kaɗai ya ci guga ashirin da bakwai. Malam Tahiru ya sauka da gyaransa na "tsohuwar rijiya", ya janye shi a guga na shida. Garba, da ya saba yin awa guda yana zagin Alhaji Sai-Na-Dawo, ya taƙaita shi cikin kalma uku.

Ni na lafe bayan jakina, na ƙudura cewa ba ni da ta cewa. Sai Inna ta tuna wa majalisa cewa mai rahoto bai ba da rahoton ƙarshe ba. Aka ɗaura mini igiya, aka zura ni. Ina cikin guga na tara na ji sanyi yana bin yatsun ƙafata, na duba, ruwa ne yake tsattsafowa ta ƙarƙashin laka, a hankali, har ya rufe idon sawuna. Na ɗaga murya na ba da rahoto mafi gajarta da aka taɓa bayarwa a kowace majalisa: "Ruwa!" Guɗar da mata suka yi ta kusa kurmantar da ni. Da la'asar akuyata ta sa baki a komi ta sha har cikinta ya yi tulu, Kulu na tsaye tana share ido da gefen mayafi. Ran Lahadi ba wanda ya je Mirriya daga gidanmu.

To ga shawarata ga manyanmu masu yin doka, Allah ya ja zamaninsu, ya ƙara wa kujerunsu laushi. Ban ce a rage musu hutu ba, ban ce a kashe musu na'urar sanyi ba, ni wa? Cewa na yi kowane depite, wato ɗan majalisa, a kai shi rijiyar mazaɓarsa sau ɗaya a shekara, ya yi jawabinsa daga ƙasa, waɗanda suka zaɓe shi su riƙe igiya. Ni da na ɗaga kai daga can ƙasa, sama ta zama kamar faifai, na hango Kulu ce a gaban masu riƙon igiyar. Nan take duk wata baƙar magana da na taɓa faɗa mata tun ranar aurenmu ta dawo mini, ɗaya bayan ɗaya, kuma na tuba daga kowace.

Tanimu ya ce igiyarsa za ta ɗauki ko wane irin tumbi, zurawa ba matsala. Jawowa ce dai sai mun ga ko korum zai cika.