Ai Ni Na Riga Shi

Ni a sanina, wanda ya riga shimfiɗa tabarma a kasuwa shi ke da wurin. Da na ga abokin hamayyata, mai man gyaɗa a Zango, ba shi da shafin intanet, sai na yi wuf na yi rajistar shafi da sunan kamfaninsa. Da wasiƙar Turanci ta iso daga lauyansa, na ɗauka tayin sayen sunan ne. Na kai ta majalisa ina ƙasaita, na miƙa wa Malam Sani.

"Karanta da ƙarfi."

Ya karanta, ya dube ni. "Alhaji, kotu fa za a kai ka."

"Kotu kuma? Ai ni na riga shi!"

Na saki sunan, ban dai gane laifina ba. Har yau in na doso majalisa sai a ce, "Ku riƙe tabarminku, Na-riga ya iso."