Madubina da Cittar Mama Afiniki

Jama'a, in kun gan ni yau da filasta a haɓa, laifin Joanna matata ne. Na tashi zan yi aski na tarar da ƙusa kawai a bango, wai ta ba maƙwabciyarmu Mama Afiniki aron madubina. Na yi askin da lalube, reza kuwa ta yi abin da ta ga dama.

Da jinina na tafi karɓo kayana. Mama Afiniki dai da citta ta raini 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Cutar da ta faɗa wa gonaki ta cinye tata, daro ɗaya na iri mai lafiya ta tsira da shi. Shi take reno a buhuna cikin ɗakin marigayin, nesa da ƙasar da ta kamu. In ya mutu, bana ba ta da abin shukawa. Ɗakin kuwa taga ɗaya gare shi, tsiron duk ya yi rawaya, ya miƙa wuya yana neman rana.

Dabarar ba tata ba ce. Mai Girma Uban Manoman Zamani, Allah ya ƙara masa tumbi, shi ya zo watan jiya da motoci tara ya koya wa mata cewa a lulluɓe bango da wata leda mai ƙyalli don ta mayar wa shuka haske. Aka manna ledar, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka naɗe ta aka mayar mota. Na ji an ƙaddamar da ita a Kagarko, an sake ƙaddamarwa a Jere. Leda ɗaya ta wadatar da ƙananan hukumomi! Wa ya ce manyanmu ba su iya tattali ba?

Da aka bar ta da tafi, sai ta bi gida-gida tana tara madubai.

"Baban Peculiar, duba abin da madubinka ya yi mini," ta ce, kamar ni na aike shi. Inda ya tara rana, ganye ya ƙone ƙurmus. Ta gwada tsohon kwanon rufi, ɗakin ya zama gidan burodi. Ta ce, "Na kai wa Ubangiji ƙara, na gaji." Wallahi ta ba ni tausayi, har na manta da haɓata.

Muka hau Keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa wurin Aloysius mai kayan gini. Da muka faɗa masa matsalar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Mama, madubi na amarya ne, ba na citta ba! Farar ƙasa za ka shafa, wanda ba ya ƙyalli. Shi yana raba haske ko'ina, ba ya ƙona komai. Amma e don finish, ɗan kwangila ya kwashe duka."

Ashe Mai Girman zai dawo duba ci gaban shirinsa, shi ya sa aka shafe duwatsun bakin titi da gindin itatuwa. Akuyar da ta tsaya kusa ma ta samu rabonta.

A hanyar dawowa muka tarar da leburori za su tuttular da rabin duro na farar ƙasar a kwata, don an ce Mai Girma ya fasa zuwa. Mama Afiniki ta diro daga Keke tun bai tsaya ba. Kafin azahar matan zumuntar cocinsu sun yi layi da bokitai, ni da haɓata aka ba ni buroshi. Muna gama shafe bangon ɗakin ya washe, haske ya kai har lungun da ta ce tun rasuwar mijinta ba ta ga kalarsa ba. Ta zauna bakin ƙofa ta yi kukanta.

Ga shi dai hukuma ta taimaki manomin citta a karon farko, cikin kuskure. Don Allah kada wanda ya kai musu labari. In suka ji, za su zo ƙaddamar da bangon, kuma kun san su, sai sun tafi da shi Jere.