Dokta Haɗiye-Biyu

Allah ya yi wa ma'aikatarmu gata da ya ba mu Dokta Haɗiye-Biyu. A takarda, aikinsa jera fayil ne. Amma ka ja aljihun teburinsa ka ga ilimi: farasitamol na ciwon kai, kwalbar maganin tari, da ƙananan ƙwayoyin atishawa da ƙaiƙayi. Bai taɓa shiga ajin likitanci ba, sai dai ya yi jinyar surukarsa kwana tara a asibiti, kuma a wurinsa wannan ya fi digiri.

Ba ya jira a kawo masa ƙara. Ka dafa goshi, yana kanka. Ka yi gyaran murya, ya zaro cokali.

“Takardar da ke cikin kwali ta matsorata ce,” in ji shi. “In sun ce ɗaya, haɗiye biyu. Ni jikin mutum nake karantawa.”

Ranar da baƙi za su zo duba aikinmu, wadda a kanta ƙarin girman kowa ya rataya, Manaja ya wayi gari da atishawa, ido ja, hanci na zuba. Dokta ya shiga ofishinsa ko sallama bai gama ba, ya ajiye masa ƙwaya biyu.

“Ba ya sa barci?” in ji Manaja.

“Ranka ya daɗe, barci ai sai mai raunin jini. Duba nan.”

Ya watsa uku a baki, ya kora da maganin tari, ya gyara wuyan riga. Manaja dai ya karanta takardar kwalin, ya tura nasa cikin aljihu.

A zauren taro, Dokta ya zaɓi kujerar gaba, fayil ɗin rahoto a cinyarsa. Babbar baƙuwa ta nemi rahoton. Kan Dokta ya langaɓe. Ta sake nema. Sai amsa ta zo ta hanci, doguwa, har da fito a ƙarshenta. Da masinja ya zare fayil ɗin, yawu ya riga ya sa hannu a shafin farko.

Da la'asar aka kira matarsa ta tafi da shi. Ya buɗe ido ɗaya, ya ce, “Gwaji nake yi.”

“Sannu da gwaji, Baban yara,” in ji ta, tana laluben takalminsa a ƙarƙashin kujera. Ta dube mu. “Wai da gaske kuna shan abin da yake ba ku? Mu a gida ko akuya ba ma bari ya duba.”