Rasuwar Dogo, Katakon Rufin Ɗakin Yara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kuma ba a kwance ba, mai gidan da ke ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Dogo, babban katakon da ke ɗauke da rufin ɗakin 'ya'yansa.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki kwano da silin, aka ƙara masa fanka da igiyoyin gidan sauro, bai taɓa ƙorafi ba. In aka ƙwanƙwasa shi, sai ya amsa da ƙwal-ƙwal, muryar mai lafiya.

Ashe da ciwonsa ya shigo gidan. Ɗanye aka kawo shi daga wurin masu yanka, ana sauri a yi rufi kafin damina. Mai gida ya dama maganin gara da ruwa, ya shafe shi da hannunsa har ya yi kore shar, yadda kowa a layin yake yi. Sai dai cikin Dogo cike yake da nasa ruwan, bai sha na magani ba. Yayyafi ya wanke rabin abin da ya kama. Sannan aka datse bakinsa biyu da zarto don ya zauna kan bango, ba a sake shafawa ba. Ta nan gara ta shiga.

A 'yan kwanakin nan ya fara nishi, ƙiii, duk lokacin da iska ta taso. Da safe uwar yara ta tarar da jar ƙasa a kan gidan sauron auta. Kafinta ya hau, ya danna babban yatsa, yatsan ya nutse. Daga waje kuwa, har ya cika, korensa bai dushe ba.

Ya rasu ya bar ƙanne da yawa a saman falo da ɗakin girki. Mota ɗaya ta kawo su, da bokiti ɗaya aka yi musu wanka. Mai gida ya kasa hawa ya duba su.

Za a sauke gawar gobe da hantsi, in hadari ya bari. Ba za a binne ta ba, don a ƙasa makasan suke. Ƙonawa za a yi a bayan gida. Masu zuwa gaisuwa su taho da tsani da tamfol. Ana roƙon kada kowa ya ƙwanƙwasa katakon falo a gaban mai gida, domin nan aka mayar da shimfiɗar yara.