Uwar Ayari Ta Kwanta a Mashigin Gawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da kuma jin nauyin abin da hannuna ya jawo, ni Gagare direba, na Tashar Kuka da ke bayan Runka, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a da fasinjojinmu na Safana da Batsari rasuwar motata, a-kori-kura fara mai tabon ja a ƙofar hagu, wadda duniya ta sani da Uwar Ayari. Ta rasu ranar Talata da hantsi a tsakiyar rafi, a mashigin Gawo, bayan ta shekara goma sha tara a hannuna. Shekarun da ta yi kafin ta zo gare ni, mai sayarwa bai faɗi gaskiya ba, ita kuma ba ta taɓa tona shi ba.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, kada masu ta'aziyya su yi mata ƙarya. Ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kujerarta buhu ne aka ninka. Amma tunda zaman lafiya ya yi ƙaura daga yankinmu, kowa ya daina fita shi kaɗai, muka koma tafiya kasuwa a ayari, ita ce kullum a gaba. Motoci huɗu ko biyar, babura a baya, duk inda ta sa taya nan kowa ke sawa. Idan hanya na da kyau sai ta riƙa "gir-gir-gir" a hankali. Idan yashi ya yi zurfi sai ta yi "ƙuf, ƙuf" sau biyu, na bayanmu su san a dakata.

Hanya uku gare mu zuwa Safana. Akwai burji, mai laushi ce, amma ranar da aka ji motsin mutanen daji ba mai bin ta. Akwai ta duwatsu, doguwa ce mai cin lokaci, sai dai ko jiya ka koyi mota za ka fita lafiya. Sai ta mashigi, gajera, wadda ke son wanda ya san yashi da ruwa. Ƙa'idarmu ni da marigayiya guda ɗaya ce, ba gwanin ayari ake zaɓa wa hanya ba, wanda ya fi kowa rauni ake dubawa. Kafin a tashi nakan bi direbobi ɗaya bayan ɗaya in tambaya: ka taɓa ƙetare yashi da kaya? Ka san a rage iskar taya? Idan mota ta fara nutsewa, ƙafarka za ta iya haƙuri da totur? Na sha zagi a kan tambayoyin nan, ban fasa ba, kuma ba mu taɓa barin kowa a daji ba.

Ajalinta ya fara ne ranar da Malam Musbahu ya shigo ayarin. Malam Musbahu mahaifin matata Hussaina ne. Bayan an kore masa shanu, ya haɗa abin da ya saura ya sayi tsohuwar mota, ya koyi tuƙi yana da furfura har a gira. Ranar Talatar nan ya ɗauko mata goma sha ɗaya da goyonsu da buhunan gyaɗa. An yi ruwa a gabas da asuba, burji kuma ba ta biyuwa don an ji motsin mutanen daji. Na bi direbobi na yi tambayoyina kamar kullum. Da na iso motarsa sai na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa, na tashi na wuce. Ta yaya zan tsaya gaban jama'a in tambayi surukina ko ya iya? Mutumin da ko sunansa ba na kamawa, sai yau a takarda.

Labaran, wanda ya shekara ashirin a kan sitiyari kuma bai taɓa yin haƙurin minti ɗaya ba, ya leƙo ya ce, "Mi ake jira ne, Gagare? Mu bi mashigi mana, kasuwa na ci." Na san in na ce ta duwatsu, kowa zai gane don wa na ce. Sai na ce mashigi. Marigayiyar ta ƙi tashi har sai da na murɗa makulli sau uku.

Ta shiga rafin ta yi tarinta sau biyu, na yi kamar ban ji ba. Muka haye, Labaran ya haye. Malam Musbahu ya shigo da tayoyi cike da iska, mota ta fara kafewa a tsakiya, ya danna totur kamar yadda duk sabon hannu ke yi, ta binne kanta har ciki. A lokacin ne muka ji ƙugin ruwa yana tahowa daga saman rafi. Matan sun kasa sauka, yashin na haɗiye ƙafa, ga yara a baya.

Ina shaida wa jama'a cewa Uwar Ayari ta riga ta tsira, tana kan tudu. Ni na juya da ita na mayar da ita cikin rafin da baya, muka ɗaura sarƙa. Ta ja, ruwa ya kai mata gwiwa. Ta ja, ya shigo mini ƙafa. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba, dogo, "wiiii", motar surukina ta fizgo ta kama ƙasa mai tauri. Labaran ya kwance sarƙar ya ɗaura a tasa ya ƙarasa fitar da su. Ita kuwa ta shaƙi ruwa, ta ce "ƙuf" sau ɗaya, ta yi shiru. Na fita ta taga, ina kallo ruwa ya kwantar da ita a gefenta. Babu ran da ya salwanta, ko buhu ɗaya bai tafi ba. Makanike ya shiga ruwan ya duba ta a kwance washegari, ya rufe bonet a hankali, ya ba ni hannu.

Ta rasu ta bar ni, da safayar taya ɗaya da ke gida ba ta san abin da ake ciki ba, da jarkar ruwan lagireto, da ayarin da tun ranar bai sake fita ba don ba wanda ya yarda ya shiga gaba. Ta kuma bar dattijo ɗaya da ya daina cin abinci. Jiya ya aiko Hussaina da makullin motarsa a ƙulle cikin hankici, da saƙon cewa, "Ki ce mashi ni na ci mashi mota. Ya riƙe wannan, ni na gama tuƙi." Na mayar mata da ƙullin ban kwance ba. Ba shi ya ci ta ba, shi bai san yashi ba, ni kuwa na sani na yi shiru. Wannan abu shi ya fi rashin motar ci mini rai.

Za a ɗauko gawar ranar Alhamis ta mako mai zuwa bayan sallar Azahar, in Allah ya kai mu kuma ruwa ya janye. Ana roƙon masu shanun huɗa su taimaka a miƙar da ita. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, da suka fara zagaye da sikeli, su yi wa Allah su koma, a ƙofar gidana za ta zauna ƙarƙashin dalbejiya. Zaman makoki a tasha ne, kwana uku, kowa ya zo da tabarmarsa. Motar da za ta jawo ta gida kuwa ta Malam Musbahu ce, kuma ina roƙon dattawan gari su lallashe shi, shi nake so ya tuƙa. Ni zan tafi a ƙasa a gabansa tun daga bakin rafi har gida, ina nuna masa da hannu inda zai sa taya.