Muryar Surukina a But Ɗin Mota

Ko da zan manta da komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki surukina zuwa Dutsi a motata ba. Har yau idan na tuna sai na ji gumi yana bin bayana.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Daura, na samu na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Injinta sai a hankali, ƙofar baya kuwa ba ta buɗewa sai daga waje. Mai hankali da injin zai fara. Ni kuwa sai na fara da rediyo. Na cire na asali na sa mai cin memori, na sa amfilifaya a ƙarƙashin kujera, sannan na cika but da wata ƙatuwar sifika da ko tayar safaya sai da ta bar mata wuri. (Eh, na zaɓi kiɗa a kan taya. Kada ku tambaye ni.)

Da aka haɗa, sai ga sabuwar matsala. Ganga na bugawa, mota ta ɗauki rawa gaba ɗaya: lambar mota na kaɗawa, ƙofofi na zuza, madubi na karkarwa. Ni da abokina Sagiru muka yi ta fama. Muka yayyanka tsohuwar katifa muka cusa cikin ƙofofi, muka manna robar tif a bayan lamba. Na sa mai wayarin ya ja waya kai tsaye daga batir, don sauti ya ci gaba ko an zare makulli, saboda zaman majalisa. Da na samu saitin da nake so, sai na cire maɓallin murɗawa na jefa a aljihun wata riga, sauran maɓallan kuma na rufe su da salatif, don kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya ɓata min aiki. Rimot kaɗai ke sarrafa rediyon, shi kuma yana hannuna.

Abu ɗaya ya rage. Kiɗa na fita tas, amma muryar mutum sai ta fito kamar daga cikin randa. Sagiru ya ce sai mun gwada da murya mai kauri sosai. "To wa ya kai baban Rabi kaurin murya a garin nan?" in ji shi.

Rabi ita ce yarinyar da nake nema, an kai gaisuwa, saura sa rana. Mahaifinta (ba zan faɗi sunansa ba, suruki ne) malami ne mai almajirai manya, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a babu wanda ya ƙara jin kiɗa a gidansa. In ya yi gyaran murya a zaure, kajin cikin gida ma sai su natsu. Ni kuma Allah ya ba ni wata baiwa marar amfani: na iya kwaikwayon mutane. Nan take na ɗauki waya na naɗi kaina ina maganarsa, muka tura a memori, muka yi ta saurare muna gyara saiti har muryar ta fito kamar yana zaune a kujerar baya. Muka yi dariya har da hawaye, muka tashi. Gogewa kuwa ko a raina.

Bayan wasu makonni Rabi ta kira ni ta ce Baba zai je ɗaurin aure Dutsi da ƙaninsa Baffa Sale, motar da za ta kai su kuma ta lalace. Ta ce, "Ka ga dama ta samu. Baffa ne waliyyina, kuma har yanzu Baba bai ce komai ba kan sa ranar. Don Allah ka natsu."

Na natsu kuwa. Na wanke mota, na fesa turare, na goge duk waƙoƙin da ke memori na zuba karatun Alƙur'ani da wa'azi. Na sa babbar riga da hula. Malam ya zauna gaba, Baffa Sale a baya. Muna fita daga gari na kunna wa'azi a hankali. Malam ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, to, to. Abin nan yana fita da kyau." Daɗi ya kama ni. Don neman suna, sai na miƙa masa rimot da hannu bibbiyu (na saki sitiyari, ku duba ganganci) na nuna masa inda ake ƙarawa. Ya ƙara kuwa, ya kuma ƙarawa.

Muna cikin tafiya wa'azi ya ƙare. Aka yi ɗan shiru. Sai wani gyaran murya ya taso daga but, mai nauyi, har na ji shi a ƙashin bayana.

"Ehem. To, to, to. Ɗan nan, asuba a ina aka yi ta yau?"

Baffa Sale ya ɗago ya dubi yayansa. Malam ya waiga ya dubi ƙaninsa. Bakin kowa a rufe.

"Ɗan nan, wannan askin naka, na Musulmi ne kuwa? Rabi! Shige gida, an kira magariba tun jiya!"

Na kai hannu ga rediyo, yatsana ya sauka kan ramin da maɓalli yake a da. Na daddanna salatif, ko gezau. Na gangara gefen titi na kashe mota na zare makulli. Inji ya mutu, murya ta ƙara fitowa fes, don ba ni na ce a ja waya daga batir ba? Rimot kuwa ga shi nan a hannun Malam, tazarar taƙi ɗaya da ni. Amma ku faɗa min, wane ɗan Daura ne zai fizge abu daga hannun surukinsa? Ko idonsa ba na iya kallo, balle hannunsa. Haka na zauna riƙe da makulli, kai a ƙasa, aikin da na yi makonni ina yi yana tona min asiri ba ko ƙara ɗaya. Katifar nan ta yi aikinta, ko zuza babu da zai rufe kalma guda.

Sai ga dariyar Sagiru, sannan ga muryata ta ainihi: "Kai, tsohon nan ai masallacinsu asarar lasifika suke yi."

A nan na yi bankwana da Rabi a zuciyata. Wallahi na ji ƙwalla ta cika min ido, don ina son yarinyar nan ba da wasa ba.

Malam ya juya rimot a hannunsa, ya ce, "Ɗan nan, ina ake dannawa ya koma baya?"

Na nuna masa. Ya maido shi farko, muka sake sha tun daga gyaran murya. Da ya ƙare ya waiga baya. "Sale, haka nake magana?"

Baffa Sale ya cusa hannun riga a baki, kafaɗunsa na rawa. Da ƙyar ya ce, "Yaya, wallahi ko ni da farko na ɗauka kai ne."

Malam bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "To ai an yi maka tambaya har sau biyu ba ka amsa ba. Asubar a ina aka yi ta?"

"A... a ɗaki, Allah ya gafarta Malam."

"Madalla da ka faɗi gaskiya. Daga gobe a masallacina za a riƙa yin ta, sahun gaba, inda za ka ji muryar da kyau ka ƙarasa koyo. Tada mota, kada mu rasa ɗaurin auren mutane."

Haka muka je muka dawo. Rabi ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata, don kafin la'asar Baffa Sale ya kai labari cikin gida, har da kwaikwayon yadda nake danna salatif. Ni dai kullum da duku-duku ina bayan Malam, daga unguwarmu har tasu, da motar da yanzu ko tari ba na bari rediyonta ya yi. Sai da damina ta wuce, wata safiya bayan an sallame, ya ce ba tare da ya waigo ba, "Ka ce wa magabatanka su zo."

Yanzu 'ya'yanmu sun fara tasawa, kuma duk dangin Rabi ba mai kirana da sunana, sai Ƙaramin Malam. Maɓallin nan na nemo shi na mayar tun a makon da abin ya faru, tayar safaya ma ta koma gidanta. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya kashe kansa wajen gyara yadda za a ji shi, ya fara duba abin da za a ji. In kuma ya ƙi, to aƙalla ya riƙe rimot ɗinsa.